Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga: Haɗarin Kafofin Bututu A Rufin Gareji

Daga Wakilinmu, Abuja

A cikin hunturun da ya wuce na kai ziyara gidan wani aminina, ma'aikacin gwamnati, wanda bai daɗe da tarewa ba a wani sabon gidan bene cikin rukunin gidajen nan da suka yi ta tsirowa a kudancin birnin Abuja. Gida ne wanda kowa ya gani sai ya yi sha'awa. An shimfiɗa tayal tun daga bakin ƙofa har saman bene, an ƙawata silin da fitilu, ga kuma gareji a ƙasa inda mota ke shigewa a mai da ƙofa a rufe.

Bayan mun gaisa na tambayi lafiyar iyali, sai ya shaida mini cewa kowa lafiya, in ban da yaransa biyu da ke kwana a ɗakin da ke bisa gareji. Sun fi wata guda kusan kullum suna tashi da ciwon kai da jiri, wani lokaci har da amai. An yi musu maganin zazzaɓin cizon sauro har sau biyu, an auna jini ba a ga kome ba. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, da zarar sun tafi makaranta sai su warware sarai kamar ba su ba. Har uwargida ta fara zancen a gayyato malamai su yi wa ɗakin addu'a.

Addu'a kam ba ta faɗuwa ƙasa banza, amma sai na roƙe shi mu fara sauka garejin tukuna. A can kusurwa ga janareta a girke. Ya ce tsoron ɓarayi ya sa ya shigo da shi ciki, in an tayar da shi da dare sai a ɗaga ƙofar garejin kamar taƙi guda don hayaƙi ya fita. Muka ɗaga kai muka haska rufi da tocila. Babban bututun da ya sauko daga banɗakin yara ya huda rufin simintin, kewaye da shi kuwa ga kafa wadda yatsu huɗu za su shige, an cusa mata takardar buhun siminti, takardar ta yi baƙi ƙirin saboda hayaƙi. Da muka hau sama muka tarar bakin kafar ya ɓulla a bayan masai, cikin wani akwatin katako da aka yi don a ɓoye bututun.

A daren nan aka fitar da janareta waje. Kafin mako ya zagayo birkila ya zo ya toshe kafar. Tun daga ranar ba a sake jin yaran sun yi kukan ciwon kai ba. Allah Ya tsare, amma ba kowane gida ne ke samun irin wannan sa'a ba, shi ya sa muka ga ya wajaba mu tattauna da masu karatu a kan wannan 'yar kafa da ba wanda ke kula da ita.

DAGA BARGA ZUWA GAREJI

A ginin gargajiya na ƙasar Hausa kowane abu da wurinsa. Doki na ɗaure a turke a fili, ko cikin barga nesa da ɗakin kwana. Murhu na tsakar gida inda hayaƙi zai tashi sama ya bi iska. Ko attajiri ya gina soro mai bene, azara da ƙasa ne tsakanin sama da ƙasa, ba wani bututu da ke ratsa su, ruwan sama kuwa indararo ne ke zubar da shi waje. Magina irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, sun san cewa rufi ba ya son huda, kuma kowace shekara kafin damina maigida kan sa a bi gidansa da yaɓe a toshe duk inda ya tsage.

Yau mota ta gaji doki, gareji ya gaji barga. Bambancin shi ne dokin ƙarfe numfashinsa guba ne, abincinsa kuwa man fetur ne mai kama wuta da ƙyas ɗaya, sa'an nan mun ɗauke shi daga fili mun kai shi ƙarƙashin gadon da muke kwana.

Ba inda wannan sauyi ya fi bayyana kamar Abuja. Tun lokacin da kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya zaɓi wannan wuri, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar sabon babban birni a watan Fabrairun 1976, har zuwa ranar 12 ga Disamba 1991 da gwamnati ta taso daga Ikko ta tare, gini bai tsaya ba. Ƙidayar 2006 ta sami mutum wajen miliyan 1.4 a Babban Birnin Tarayya, daga lokacin zuwa yau kuwa jama'a ƙaruwa suke ta yi. Fili ya yi tsada, fuloti ya ƙanƙance, don haka sai aka koma gini sama. A Gwarinpa da Lokogoma da Lugbe da Kubwa da Katampe, gidajen bene ne jere suna jingine da juna, da yawansu kuwa an ajiye gareji a ƙasa, an ɗora ɗakin kwana da banɗakinsa a kansa. Inda duk aka ɗora banɗaki kuwa, dole bututu ya sauko.

YADDA KAFAR KE SAMUWA

Rufin kankare da magina ke kira dekin kaurinsa kan kai wajen inci 6, an ɗaure shi da rodi. In da zai zauna yadda aka zuba shi, garkuwa ce sosai, hayaƙi ba ya ratsa shi, wuta ma sai ta daɗe tana ci kafin ta yi masa lahani. To, amma ba ya zama haka. Sai an huda shi don bututun masai mai faɗin inci 4, da na ruwan wanka, da na ruwan famfo mai sanyi da mai zafi, da na wayoyin lantarki. Bayan an tare kuma mai haɗa na'urar sanyaya ɗaki zai zo ya yi tasa hudar, mai haɗa sola ya yi tasa, mai jan wayar talabijin da ta intanet shi ma ya yi tasa.

A ƙa'ida, tun kafin a zuba kankare ya kamata a san inda kowane bututu zai bi, a dasa masa hannun riga daidai kaurinsa. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Amma abin da aka fi yi shi ne sai kankare ya bushe a kira mai famfo, shi kuwa ya sa guduma da kurfi ya fasa rami wanda ya ninka bututun faɗi, wani lokaci har ya yanke rodi. Da ya zura bututunsa ruwa ya wuce, aikinsa ya ƙare.

Daga nan ne kafar ke zama marainiya. In ka tambayi mai famfo zai ce toshewa aikin birkila ne. Birkila zai ce shi ya gama nasa tun kafin a fasa. Mai silin kuwa ba ruwansa, shi dai ya rufe abin da ya tarar da POP ya shafe shi fari fat. Lebura ne kawai kan tausaya ya dunƙule takardar siminti ko tsumma ko guntun katifa ya cusa, don kada ƙasa ta riƙa zubowa. Ɗan kwangila ya miƙa makulli, maigida ya zagaya ya ga fenti na sheƙi ya yi godiya. Kyan ɗan maciji ke nan.

GUBAR DA BA A GANI

Abokin gaba na farko da ke bi ta wannan kafa shi ne iskar da masana ke kira kabon monoksaid. Tana fitowa duk inda man fetur ko gas ko gawayi ya ƙone ba tare da isasshiyar iska ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Warin da mutum ke ji a hayaƙin inji na wasu abubuwa ne dabam, kuma yana iya ɓacewa a hanya gubar ta wuce ita kaɗai.

A cikin jinin ɗan Adam akwai sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓoɓi. Wannan guba tana manne wa sinadarin fiye da yadda oksijin ke yi har ninki 200 ko fiye, saboda haka kaɗan daga cikinta ya isa ya hana jini aikinsa. Alamun farko su ne ciwon kai da jiri da kasala da tashin zuciya, watau daidai da abin da kowa a ƙasar nan zai kira zazzaɓi. In ta yi yawa sai mutum ya ruɗe, ƙafafu su mutu, ya suma. Wanda ke barci kuwa ba ya ma farkawa balle ya san abin da ake ciki. Yara ƙanana da mata masu juna biyu da tsofaffi da masu ciwon zuciya su ta fi saurin kayarwa.

Sau nawa muka karanta a jaridu an wayi gari an tarar da iyali guda a kwance ba rai, ba rauni a jikin kowa? Kafin likita ya yi magana an riga an zargi abincin dare, an zargi kishiya, an zargi mai aiki ko maƙwabci da sammu, alhali mai laifin na nan a girke a lungu, mansa ya ƙare ya mutu don kansa kafin asuba. Banda asarar rayuka, irin wannan zato ya sha raba zumunci.

Wani zai ce ai ƙofar garejin a ɗage take. Wannan bai wadatar ba. Hayaƙin inji da zafinsa yake fitowa, iska mai zafi kuwa sama take yi, ta taru a ƙarƙashin rufi daidai inda kafar take. A sama kuma an rufe tagogi ruf, ko don sanyin hunturu da ƙura, ko don an kunna na'urar sanyi a watannin Maris da Afrilu. Sa'an nan a banɗakin zamani akan sa 'yar fankar da ke zuƙe wari ta fitar waje. Duk iskar da ta fitar dole wata ta maye gurbinta, in kuwa tagogi na rufe, ta kafar bututun nan za ta jawo ta. Watau da hannunmu muke zuƙo iskar gareji muna kai wa yaranmu.

Ba janareta kaɗai ba. Al'adar nan ta direbobi ta tayar da mota da sassafe a bar ta tana ɗumi a cikin gareji ita ma haɗari ce, domin inji mai sanyi ya fi fitar da gubar. Akwai wata tukunyar tace hayaƙi a jikin salansa, wadda makanikai ke yi wa laƙabi da indomi, aikinta rage wannan guba. Ba ta fara aiki sai ta yi zafi, kuma motoci da yawa a ƙasar nan an riga an cire musu ita an sayar saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinta.

HANYAR WUTA

Abokin gaba na biyu gobara ce. Mai karatu ya tsaya ya lissafa abin da ke cikin garejin gidan Abuja: mota da tankinta, jarkokin fetur da aka tara saboda tsoron dogon layi da tashin farashi, tukunyar gas, ragowar fenti, tsofaffin tayoyi da katifu, ga kuma baturan sola a jere. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana malala a ƙasa ba a gani, tartsatsi guda ya ishe shi.

A gwajin da masana ke yi wa kayan gini, zafin tanda kan haura digiri 500 na ma'aunin Salshiyos cikin minti 5, ya wuce 800 cikin minti 30, don haka ne gobara ke yi a cikin rufaffen ɗaki. Bututun roba na PVC kuwa tun a wajen digiri 80 yake fara laushi. Ke nan cikin 'yan mintoci bututun masai zai narke ya zube, ya bar rami mai faɗin inci 4 a buɗe, har da kafar da ke kewaye da shi, su zama kamar bakin murhu suna hura wuta da hayaƙi zuwa ɗakin kwana. Ita robar kanta in tana ci hayaƙi take fitarwa mai ƙona huhu da idanu.

Ƙasashen da suka riga mu irin wannan gini da asara suka koyi darasin. Ranar 21 ga Nuwamba 1980 wuta ta tashi a otal ɗin MGM Grand mai hawa 26 a birnin Las Vegas na Amurka. Harshen wutar a can ƙasa ya fi yin ɓarna, amma mutum 85 suka rasu, mafi yawansu a can benaye na sama inda wuta ba ta kai ba. Hayaƙi ne ya bi ta matakala da ramukan lif da hanyoyin iska da kafofin da ba a toshe ba, ya iske su a ɗakunansu.

Shekara 5 kafin nan, ranar 22 ga Maris 1975, an yi wata gobarar a tashar lantarki ta nukiliya da ke Browns Ferry a jihar Alabama, ita kuwa a kan toshe kafa ta tashi. Ma'aikata ne ke liƙe kafar da wayoyi suka ratsa bango da soson roba, sai suka kunna kyandir suka kai bakin wurin don su ga ko iska na wucewa. Iska ta ja harshen kyandir ciki, soso ya kama. Wutar ta yi wajen awa 7 tana ci, ta lalata wayoyi fiye da 1,600, har da na na'urorin da ke sanyaya tukunyar nukiliya in an shiga haɗari. Ba a rasa rai ba, amma tashar ta fi shekara guda a rufe. Darasi biyu ke nan a wuri guda: kada a toshe kafa da abin da ke cin wuta, kada kuma a nemi kafa da wuta a hannu.

ƁERAYE DA KYANKYASAI

Na uku su ne baƙin da ba a gayyata ba. Ƙaramin ɓera na iya kutsawa ta kafar da ba ta fi kaurin fensir ba, bututu kuwa tsani ne a gare shi. A gareji ake jibge buhunan shinkafa da masara da aka kawo daga gida, nan yake ci ya ƙoshi, ya hau sama ya kwana cikin silin yana gaigayar wayar lantarki, abin da shi kansa kan haddasa gobara. Kada kuma a manta da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, wanda wani irin ɓera ke yaɗawa ta fitsarinsa da kashinsa, ya kuma fi tsananta da rani. Sauro da kyankyasai da warin bututu duk hanyarsu ke nan. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

YADDA AKE TOSHEWA

Aikin ba mai wuya ba ne, amma yana da ƙa'ida, kuma kowane irin bututu da maganinsa.

Da farko a nemo kafofin. A shiga gareji da dare a kashe fitila, a sa wani ya haska gindin kowane bututu daga sama, duk inda haske ya ɓullo hayaƙi ma zai wuce. Ana kuma iya riƙa zare ko siririyar takarda a bakin wurin a ga ko za ta motsa. Kada a kuskura a yi amfani da ashana ko kyandir ko turaren wuta. In an rufe garejin da silin, a buɗe 'yar ƙofa a leƙa, domin a jikin dekin ake toshewa, ba a jikin silin ba. POP ba ya cin wuta, amma an huda shi wuri-wuri don fitilu. Silin na roba kuwa narkewa yake yi ya riƙa ɗiga, bai dace da gareji ba ko kaɗan.

Na biyu, a zaro duk takarda da tsumma da soso, a share ƙura. In bututun na yoyo a gyara shi tukuna, domin ruwan da aka rufe a cikin kankare rodi yake ci da tsatsa.

Na uku, bututun ƙarfe. A tokare katako daga ƙasa, a jiƙa bakin ramin, a cika shi da kwaɓin siminti awo 1 da yashi awo 3 har iyakar kaurin dekin, ba shafe baki kawai ba. In bututun ruwan zafi ne, wanda ke buɗewa yana tsukewa, sai a bar 'yar tazara kewaye da shi, a danna mata audugar dutse, wadda ba ta cin wuta, a rufe bakin da gam ɗin da aka yi musamman don jure wuta.

Na huɗu, bututun roba, wanda shi ne mafi haɗari. Siminti zai toshe gefensa ya hana hayaƙin yau da kullum, amma ranar gobara robar za ta narke ta bar rami. Maganin wannan wata ƙawanya ce ta ƙarfe da ake ɗaura wa bututun a ƙarƙashin dekin. A cikinta akwai wani abu da ke kumbura in ya ji zafi, ya ninka kansa sau da yawa, ya matse robar da ta yi laushi ya toshe ramin gaba ɗaya. Da ƙusoshin ƙarfe ake kafa ta, ba da turakun roba ba. Wanda bai samu ba a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ko wajen masu sayar da kayan kashe gobara, to ya sa a kewaye bututun da ginin bulo tun daga ƙasa har rufi a yi masa filasta, ya zama ba ya cikin garejin ke nan.

Na biyar, wayoyi. A liƙe gefen bututun waya, a kuma toshe bakinsa, domin hayaƙi na bi ta cikinsa ya ɓulla a soket ɗin ɗaki. Haka nan ramin da aka yi wa na'urar sanyi da na sola. A yi hattara da kumfar nan ta gwangwani da ake fesawa ta kumbura. Tana da sauƙin aiki, amma 'yar uwar soson Browns Ferry ce, tana ci da wuta tana fitar da guba, ɓera kuma na cinye ta. Gam ɗin silikon na banɗaki shi ma ruwa aka yi shi ya tare, ba wuta ba.

Masu gidan ƙasa kada su ce wannan magana ba ta shafe su ba. A gidaje da yawa bangon da ya raba gareji da ɗakuna iyakarsa silin, daga nan zuwa kwano fili ne guda tun daga wannan ƙarshen gida har wancan. Lalle ne a ɗaga wannan bango har ya taɓa kwano, a toshe duk inda katako ko bututu ya ratsa shi.

Sai dai fa toshe kafa ba izni ba ne na tayar da inji a ciki. Hukumomin lafiya na Amurka sun ce a ajiye janareta a fili, aƙalla ƙafa 20, watau wajen mita 6, daga ƙofa da taga, a juya bakin salansa nesa da gida. Mai tsoron ɓarayi ya sa a yi masa kejin ƙarfe. Mota kuwa da an tayar a fitar da ita. A kuma sayi 'yar na'urar nan mai batir da ke ƙara in ta ji gubar, a kafa ta kusa da ɗakunan kwana. A tuna da maigadi da direba da yaron gida, waɗanda sau da yawa su ake bari su shimfiɗa tabarma kusa da inji. Ransu amana ne a wuyan maigida.

In kuwa an tarar da mutum ya shaƙa, a buɗe ƙofofi, a kashe inji, a fitar da shi fili, a garzaya da shi asibiti ko a kira lamba 112. Madara da manja ba sa fitar da wannan guba, iskar oksijin ce maganinta. A shaida wa likita cewa an kwana da inji, domin 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa tana iya nuna jini lafiya lau alhali guba ta cika shi.

INA HUKUMA?

A Ingila ƙa'idar gini ta ce bango da rufin da suka raba gareji da gida sai sun iya tare wuta na minti 30, ƙofar da ke tsakani ta zama mai rufe kanta, a kuma yi dakali na milimita 100 ko a karkata daɓen waje don kada man da ya zube ya malala cikin gida. A Amurka an hana ƙofar gareji ta buɗe kai tsaye cikin ɗakin kwana. Mu ma muna da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa tun 2006, wanda ya yi magana a kan kariya daga gobara. A Abuja akwai Sashen Kula da Tsarin Gine-gine mai amincewa da zanen gida, akwai Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, akwai majalisun da ke yi wa injiniyoyi da magina da masu zanen gini rajista.

Ba a rasa doka ba, ba a rasa hukuma ba. Abin da ke faruwa shi ne hankali ya fi karkata ga abin da ke yin ƙara. Sa'ad da bene ya rufta a Jabi a 2018, ko a Gwarinpa da Garki a 2023, kowa ya ji, manya sun je sun gani. Kafar bututu kuwa a ɓoye take kashewa, gida ɗaya ɗaya, a yi jana'iza a ce kwana ne ya ƙare. Muna kira ga masu duba gini da su sa wannan cikin abin da za su gani da idonsu kafin a rufe silin, kada a ba gida shaidar kammalawa sai an toshe. Makarantun koyon sana'a da ƙungiyoyin masu famfo su kuma koya wa yaransu cewa wanda ya huda shi ke toshewa.

Kafin hukuma ta iso, nauyin na kan maigida. Mai gini ya rubuta a cikin yarjejeniya wanda zai toshe, kada ya biya cikon kuɗi sai ya gani. Mai shirin kama haya, wanda za a ce ya biya kuɗin shekara guda a dunƙule, yana da haƙƙin ya shiga gareji da tocila ya ɗaga kai kafin ya ƙirga ko sisi. Buhun siminti guda da yinin birkila ɗaya sun isa yawancin kafofin gida, kuɗin da bai kai na fitilar ado ɗaya da ke rataye a falo ba.

Aminin nan nawa ya adana baƙar takardar simintin da aka zaro daga rufinsa, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa. Mai karatu, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. Yau da dare, kafin yara su kwanta, ɗauki tocila ka sauka gareji ka dubi sama. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, amin.